Ko Zare Ɗaya Bai Tsinke Ba

A asibitin garinmu, daga babban likita har mai tura gadon marasa lafiya, babu wanda bai taɓa durƙusawa a gaban Torunn Lothe ba. Ba don girmamawa ba. Sau ɗaya a shekara dole kowa ya sauka ɗakinta da ke ƙasan bene, kusa da wurin wanki, ya durƙusa a kan tabarmar roba, ya ɗora hannuwa a ƙirjin mutum-mutumi ya yi ta dannawa, ita kuma tana tsaye a kansa da agogon ƙirga sakan rataye a wuya. Aikinta ke nan shekara ashirin da biyar: koya wa ma'aikata yadda ake farfaɗo da mutumin da zuciyarsa ta tsaya. Kafin nan ta yi shekara goma sha huɗu tana nas a ɗakin masu ciwon zuciya.

Ba ta da daɗin sha'ani, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba.

"Danna mana! Kwaɓin burodi kake lallaɓawa?" Haka take ce wa babban likitan tiyata a gaban ɗalibansa. In wani ya ce yana tsoron karya haƙarƙari, sai ta ce, "Karya shi. Haƙarƙari yana ɗoruwa. Ka taɓa jin an ɗora gawa ta tashi?"

A bana za ta ajiye aiki. Mutane da yawa sun fara ajiyar zuciya tun kafin ranar ta zo. Amma Torunn ta yi wa kanta alkawarin ba za ta miƙa makullin ɗakin nan ba sai hannu ɗaya da ya rage a asibitin ya riƙe almakashi a gabanta ya yanka abin da ta ce a yanka. Hannun Borghild Sunde ne, tsohuwar nas a ɗakin tsofaffi. Shekara shida ke nan tana jiran wannan hannu.

Dalilin yana komawa can gidan gonarsu a saman kwari, inda aka haife su ita da ƙanwarta Aslaug. Mahaifinsu kiwon tumaki yake yi, mahaifiyarsu kuwa ɗinkin bunad, kayan gargajiyan nan da ake sawa ranar biki, ranar coci, da ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasa. Ta ɗinka wa rabin matan kwarin, amma na 'ya'yanta biyu ne ta zuba idonta a kai har ya lalace. Hunturu uku ta yi a kan kowanne: baƙin ulu, furanni ja da rawaya da kore a gaban falmaran, farar riga ta ciki mai surfani a wuya, sai sarƙar azurfa da ake zargawa ta cikin ƙawanya goma sha biyu a ƙirji. Ba a taɓa shi da hannun da ba a wanke ba. Ba a shan askirim da shi a jiki, ko da duk yaran garin suna sha. Aslaug ta ɗauko hannun mahaifiyarsu da haƙurinta. Torunn kuwa allura ta fi shiga yatsanta a kan yadi, sai ta yi jifa da ita ta fita wurin tumaki.

Aslaug ma a asibitin ta yi aiki, a teburin karɓar baƙi. Shekara talatin tana nuna wa mutane hanya da fara'a, ta san wanda ya zo duba uwa da wanda ya zo duba matar da bai kamata ya duba ba, kuma bakinta bai taɓa furtawa ba. Mutane kan ce Allah ya raba wa 'yan gidan Lothe hali: ya ba ƙarama zuma, ya bar wa babba harbin.

Ranar sha bakwai ga Mayu, shekara shida da suka wuce, Aslaug ce a bakin aiki, sanye da bunad ɗinta kamar yadda ta saba duk shekara. Jerin gwanon 'yan makaranta kan biyo ta ƙofar asibiti don marasa lafiya su gani. Da ta ji badujala ta matso, sai ta zagayo daga bayan tebur da 'yar tutarta a hannu. Ba ta kai ƙofar gilashin ba ta yanke jiki ta faɗi. Shekararta hamsin da ɗaya. Torunn tana can harabar makarantar jikarta tana zuba wa iyaye kofi.

In dai faɗuwa ce, babu wurin da ya fi wannan. Akwai likita a tsaye a wurin, akwai mai tura gado, akwai Borghild da ta sauko da wani tsoho a keke don ya ga yara. Dukkansu Torunn ce ta koyar da su, kuma sun yi abin da ta koya musu. An kira ayarin gaggawa. Mai tura gado ya fizgo na'urar farfaɗo da zuciya daga bango ya kunna. Likita ya fara danna ƙirji. Sai dai babban fil na azurfa da ke maƙale a ƙirjin kayan yana ƙarƙashin tafinsa, kuma filasta biyun da na'urar ke aika lantarki ta cikinsu ba sa aiki sai a kan fata. Akwai almakashi a jakar na'urar, Torunn ce ta saka shi da hannunta. Likitan ya ɗauko shi. Borghild ta riƙe masa wuyan hannu.

"Kai, tsaya! Aikin hannun mahaifiyarta ne. Bari in kwance, na iya, yanzun nan."

Shi kuwa ya tsaya, don shi ma ɗan garin nan ne, kuma akwai irin wannan kaya rataye a ɗakin uwarsa. Borghild ta cire fil na wuya, ta cire na ƙirji, ta shiga zare sarƙa daga ƙawanya ɗaya bayan ɗaya. Ba a kwance sarƙa a ƙarƙashin hannun da ke dannawa, don haka dannawar ma ta tsaya.

Washegari Borghild ta sami Torunn a bakin ɗakin da aka kwantar da Aslaug, inji yana yi mata numfashi. Ta miƙa mata doguwar jakar kaya, bunad ɗin Aslaug na ciki. An goge komai, an naɗe da farar takarda, azurfar tana cikin ɗan akwati daban.

"Ko zare ɗaya bai tsinke ba, Torunn. Na duba."

Torunn ta karɓa, ta ce na gode. A lokacin ba ta san komai ba. Har yau in ta tuna wannan godiya sai ta ji kamar ta ciji harshenta ya guntule.

Na'urar ba ta ƙarya, tana rubuta lokacin komai, kuma karanta abin da ta rubuta bayan kowace tsayawar zuciya aikin Torunn ne. Kwana uku bayan haka ta zauna a ɗakinta ta buɗe na ƙanwarta. Daga kunna na'ura zuwa sakin lantarki, minti huɗu da sakan goma. A cikinsu kusan minti uku babu hannun kowa a ƙirjin. Ta hau sama ta nemi mai tura gadon, ta tsare shi a lungu, ya faɗa mata abin da ya cinye mintocin.

A rana ta tara Aslaug ta buɗe ido. An yanka kek a ɗakin hutun ma'aikata. A rahoton shekara an saka ta cikin waɗanda suka bar asibiti da ransu, kuma adadin na shekarar ya yi kyau har shugaban asibiti ya karanta shi a taro aka tafa. Mutane suna tare Torunn a kanti suna cewa in da rai da rabo. Rabon da Aslaug ta samu shi ne ɗaki mai kallon teku a gidan kula da marasa ƙarfi. Tana ci in an riƙa mata cokali. Ba ta iya saka maɓalli. Jiya ba ta zama a kanta, shekaru arba'in na baya ma sun zube, abin da ya rage mata gidan gona ne da ƙuruciya. Duk Alhamis da Lahadi Torunn takan je, Aslaug ta karɓe ta da fara'ar nan ta teburin baƙi, ta tambaye ta wa ta zo dubawa. Daga nan ta ba ta labarin yayarta Torunn, mai faɗan tsiya, wadda ta taɓa fasa wa wani yaro hanci don ya ja mata kitso. Torunn takan zauna ta saurara, ta koma mota ta daɗe ba ta tayar ba.

Ta kai takardar na'urar ofishin Halvard, shugaban asibitin, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, bai kuma taɓa gyara komai ba. Ya zuba mata kofi, ya turo mata faranti.

"Torunn, a nan ba ma neman mai laifi. Tsari muke dubawa."

"Tsarin ne ya riƙe wa likita hannu?"

"Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Kuma kin fi ni sani, babu likitan da zai iya rantsewa cewa da an yanka da ta tashi garau."

"Akwai wanda zai rantse cewa da ba ta tashi garau ba?"

"Zan kai maganar kwamiti."

"Kai ta. Ka haɗa musu da kek ɗin."

Kwamiti ya zauna sau uku, ya ƙara layi ɗaya a littafin ƙa'ida, wai a cire wa mara lafiya tufafi cikin hanzari. Tusa dai ba ta hura wuta.

Ranar da ta fito daga ofishin Halvard ne ta sauka ɗakinta tana huci, ta kunna fitila, ta tsaya. Mutum-mutumi huɗu kwance a jere, dukkansu ƙirji a buɗe, babu ko singileti. Shekara goma sha tara tana koyar da mutane a kan ƙirjin da aka riga aka tuɓe musu. Ta koya musu zurfin dannawa, ta koya musu ƙirga talatin a hura biyu, ta zage su a kan gwiwar hannu da ta lanƙwashe, amma ba ta taɓa ɗora almakashi a tafin kowa ba. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hangen na Borghild. Ganin haka bai rage mata fushi ba ko kaɗan, ninka shi ya yi.

Ta fara da gwanjo. Ta kwaso tsofaffin rigunan sanyi, kwat, rigar mama, ta sanya wa mutum-mutumin. Ma'aikata suka yi ta yanka suna dariya, wasu har gasa suke yi. Bayan wata biyu ta gane ɓata lokaci take yi. Tsumma kowa ma ya iya yankawa.

Sai ta sauko da nata bunad ɗin. Ta zo da shi da sassafe kafin kowa ya iso, ta sanya wa ɗaya daga cikin mutum-mutumin, ta zarga sarƙar tsaf yadda mahaifiyarsu ta koya musu. Ta ce bari ta gwada da kanta tukuna. Ta danna agogo, ta ɗauki almakashi, ta kai bakinsa gefen furen farko, sai hannun ya ƙi. Ƙamshin ulun nan ne, ƙamshin durowar Mama. Wanzami ba ya son jarfa. Da ta duba agogo sakan arba'in sun tafi tana durƙushe kamar wawiya. Ta zagi kanta da babbar murya, ta yanka. Bayan nan ta haɗa bakin yankan da manyan ɗinki marasa kyau, irin waɗanda da mahaifiyarsu ta gani da ta farke su.

Aji na farko mutum takwas ne. Da suka ga abin da ke kwance sai suka yi cirko-cirko.

"Na gaske ne?" in ji wata unguwarzoma.

"Zuciyar da ke ƙarƙashinsa ma ta gaske ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanka!"

"Haba Torunn, ko ta gefe ne in kwance..."

"Ta mutu. Kin kashe ta. Ga kayan nan lafiya lau, sai ki sa mata a binne ta da su. Na gaba!"

Unguwarzomar ta fita tana kuka. Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Ƙungiyar mata masu aikin hannu ta rubuta wasiƙa a jaridar garin, wai ana wulakanta gadon iyaye a ƙasan asibiti. Wata tsohuwa ta tare ta a layin mai kifi.

"Da mahaifiyarki tana raye da baƙin ciki ya kashe ta."

"Da tana raye da na fara kai ta ta ga Aslaug," in ji Torunn. "Ba ni hanya."

Halvard ya kira ta ya roƙe ta ta nemi wata dabara mai ɗan sauƙi. Ta ce ya rubuto mata a takarda cewa ya hana, ya sa hannu, ita kuma za ta ajiye takardar don ranar da wata za ta sake faɗuwa. Bai rubuto ba. Haka ta ci gaba, aji bayan aji, tana yankawa tana ɗinkewa, har duk asibitin suka bi ta kan wannan baƙin ulu. Likitan nan da aka riƙe wa hannu shi ya fara zuwa da kansa. Ya yanka, ya ajiye almakashin, ya fita.

Borghild ce kaɗai ba ta zo ba. Duk shekara sai ta hau jirgin fito ta je babban asibitin birni ta yi horonta a can, ta kawo takardar shaida. In sun haɗu a baranda ta gaishe da Torunn, Torunn ta wuce kamar bango ne ya yi magana. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne littafin baƙi na gidan da Aslaug take. Duk Talata sunan Borghild yana ciki. Ma'aikatan wurin sun ce takan zauna ta rera mata waƙoƙin coci da suka yi tare a ƙungiyar mawaƙa, kuma Aslaug tana bi baiti-baiti ba ta kuskure. Ita da suka sha nono ɗaya ba a gane ta, amma ana bin waƙar wadda ta riƙe hannun likita.

Farkon Mayun bana aka manna takardar ajinta na ƙarshe, ranar Alhamis. Da ta zo cirewa sai ta ga suna na takwas a ƙasa, da rubutun hannu mai kyau: Borghild Sunde.

Ta sauka ta dubi bunad ɗinta. Shekara shida na yanka da ɗinki sun mayar da shi abin tausayi, furannin sun karkace, zare ya fi yadi yawa. Sabbin ma'aikata suna yanka shi ko a jikinsu. Ya zama tsumma, kuma ta riga ta san abin da tsumma ke koyarwa. Da ta koma gida sai ta janyo doguwar jakar nan daga saman durowa, wadda ba ta buɗe ba tun ranar da ta ce na gode.

Ranar ajin kuma, da yake Alhamis ce, ta biya ta ɗauko Aslaug a keken guragu, ta sauko da ita ɗakin, ta ajiye ta kusa da bango da bargo a cinya. Ta ce wai ranar ziyararta ce ba ta son ta fasa. Ƙarya take yi. Fushi ne, kuma ba ta kyauta ba.

Borghild ce ta shigo ƙarshe. Ta dubi mutum-mutumin da ke kwance a tabarma sanye da bunad ɗin Aslaug, ta dubi Aslaug da ke yi wa kowa murmushi.

"Torunn, wannan ba koyarwa ba ce."

"To mece ce?"

"Kin san ko mece ce."

"Mace ce, shekara hamsin da ɗaya, ta faɗi a bakin ƙofa, ba ta numfashi. Kai, danna ƙirji. Borghild, ga na'ura." Ta ɗaga agogon. "An fara."

Borghild ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta buɗe jakar na'urar, ta zaro almakashin. Ba ta nemi gefe ba, ba ta nemi layin ɗinki ba. Ta soka shi daga ƙasan falmaran ta keta tsakiyar furannin har wuya, ta kama farar rigar da hannu biyu ta yage. Fil ɗin azurfa ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta manna filasta ɗaya, ta manna ɗaya.

"Kowa ya ɗaga hannu!"

Torunn ta danna agogo. 

"Nawa?" in ji Borghild, ba ta ɗago kai ba.

Torunn ta juya mata fuskar agogon.

"Sha ɗaya," in ji Borghild. Ta sake faɗa a hankali. "Sakan sha ɗaya. Abin da na ƙi zuwa in gani ke nan."

Shekara shida Torunn tana tanadin maganar da za ta yaɓa mata a wannan lokaci, ta shirya ta a mota, ta gyara ta a wurin wanke-wanke. Yanzu ga lokacin ya zo, ta neme ta ta rasa. Ta zaci in ta ga wannan hannu ya yanka za ta ji sanyi. Babu sanyin da ta ji. Lambar da ke kan agogon ita ma ta ishe ta kallo.

"Wa ya yi wannan?"

Muryar daga bango ta fito, a tsaye, irin wadda ba a ji daga bakin Aslaug ba tun da ta faɗi. Ta yaye bargon tana nuna tabarma da yatsa.

"Wa ya yanka? Aikin Mama ne! Hunturu uku ta yi a kansa, idonta har ruwa yake yi!" Ta bi fuskokinsu da kallo, ta tsallake Borghild, ta tsaya a kan mai agogo a wuya. "Ke ce kika sa, ko? Na ji ki. Ke wace irin mace ce, ba ki da uwa ne? Bari yayata Torunn ta zo. Za ki gane kurenki."

Babu wanda ya motsa. Torunn ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin tebur, ta ɗauko fil ɗin azurfar, ta goge shi a rigarta, ta sa wa Aslaug a tafi ta rufe mata yatsu a kai.

"In ta zo ki gaya mata," in ji ta. "Ki gaya mata duka. Ni ma ina da magana da ita."

Ta durƙusa kusa da Borghild, ta zaro allura da zare daga aljihu, ta fara haɗa bakin yankan da manyan ɗinkin nan nata, domin saura mutum bakwai ba su yanka ba.